Zan Gina Wa Jami'a Ɗakunan Kwanan Ɗalibai Mata: Ya Halatta In Ce Musulmi Kaɗai Za Su Shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, ina harkar riɗi da zoɓo, Allah kuma ya rufa min asiri. 'Yata tana karatu a wata jami'ar gwamnati. Na je kai mata kayan abinci na tarar da su takwas a ɗakin mutum huɗu, wasu kuma sun kama haya a cikin gari a unguwar da hankalina bai kwanta da ita ba. Sai na yi niyyar gina ɗakuna 30 a cikin jami'ar, sadaka mai gudana ga mahaifiyata. Sharaɗina biyu: Musulmi kaɗai za a ba, kuma sai mai hijabi. Wani babba a ofishin kula da ɗalibai ya ce doka ba za ta bari a rubuta haka ba, amma in sa hannu a takardar kyauta ba tare da sharaɗi ba, su kuma za su riƙa yi min yadda nake so wajen rabon ɗakuna. Wani malami a garinmu kuma ya ce duk daren da wadda ba Musulma ba ta kwana a ciki ba ni da lada, har ma ina da alhaki. Akwai kuma ragowar zakkar bana da nake son haɗawa a kuɗin siminti. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa wannan niyya a mizaninta da naka.

Zakka dai ka fitar da ita daga kuɗin siminti, mazhabobin nan huɗu ba su yarda a yi gini da ita ba. In kana son ta amfani ɗalibai, ka nemi matalautan cikinsu ka danƙa musu a hannu.

Shi sharaɗi a kan hubusi, wato waƙafi, irin sadaka mai gudana da kake nufi, asalinsa halas ne. Shehu Halil ya ce a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya: ana bin sharaɗin mai hubusi in dai sharaɗin ya halatta, har ya kawo misali da keɓe 'yan wata mazhaba ko ayyana mai kula. Da a filinka ka yi gini ka ce 'yan ƙasar Gumel kaɗai, ko mahaddata kaɗai, ko Musulmi kaɗai, da a layi biyu na gama amsa maka.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne maganar babban nan: ka sa hannu ba sharaɗi, za mu yi maka a aikace. Wannan jimla ta sauya hukuncin, kuma a wannan sura bai halatta ba.

Duba abin da za ka sa wa hannu. Fili na jami'a ne, takarda kuma ta ce kyauta. A wurin Malikiyya hubusi yana nan a mallakar mai shi, amfaninsa ne ya bayar, shi ya sa maganarsa ke bin abin har bayan ransa. Kyauta kuwa da zarar an karɓa ta fita daga hannunka, ginin ya zama dukiyar al'umma, daidai da wanda TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ta gina. Sharaɗin naka ba ya cikin ƙullin, wanda kuma ya yi maka alkawarinsa da fatar baki ba shi da ikon ƙulla shi. Ma'aikaci ne da aka ba amanar raba ɗakuna bisa ƙa'idar da ya amince da ita ranar da ya kama aiki. To ta yaya zai cika maka? Yarinya ta biya kuɗinta, sunanta ya fito, sai ya soke shi ya ce mata ɗaki ya ƙare. Ƙarya ke nan da ha'inci, kuma duk sabuwar shekarar karatu sai an maimaita su, a ginin da ka ce ladansa na mahaifiyarka ne. Ban ga ɗan da zai so a aika wa uwarsa wannan a kabari ba. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Kujerar da yake kai ta 'yan shekaru ce, gobe a sauya shi, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya ga kyauta ba sharaɗi. Ranar nan za ka ce an yaudare ka, alhali da hannunka ka sa, kuma babu komawa, ka san abin da Annabi (SAW) ya kamanta mai janye kyautarsa da shi.

A abu ɗaya mutumin ya faɗa maka gaskiya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana hukumar gwamnati ta bambanta 'yan ƙasa saboda addini ko ƙabila. Kada ka ɗauki wannan doka abokiyar gaba. Da ita da sashe na 38 Musulmin Legas suka yi shari'ar hijabi, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yan mata 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin jihar a watan Yunin 2022. In muka buɗe ƙofar mai kuɗi ya saya wa addininsa wani yanki na jami'ar gwamnati, akwai masu kuɗi a Nsukka da Fatakwal, kuma muna da 'ya'ya a can. Ko a nan gida ba za ta tsaya a kanka ba, na bayanka zai zo ya ce banda 'yan ɗarika, wani ya ce banda 'yan Izala.

Sannan wa zai tsaya a ƙofa yana tantancewa? A ƙauyukan Kano da Jigawa akwai Hausawa Kiristoci masu suna Ladi da Saratu da Hannatu, ga kuma Bayarabiya Musulma da mai gadi zai ji sunanta ya ɗauka ba ta salla. Ƙarshenta da suna da kalar sutura za a yi hukunci, a kori wadda ka gina dominta.

Yanzu maganar malamin garinku. Allah ya saka masa da kishinsa, amma fatawar ba daidai ba ce, kuma zan ɗan tsawaita domin na san ita ce ta hana ka barci, ita ce kuma ta tura ka ga waccan dabara.

Masu wannan ra'ayi abu uku suke riƙewa. Suna kawo ayoyin da suka hana jiɓintar kafirai. Jiɓinta kuwa ita ce ka so su don addininsu ko ka mara musu baya a kan Musulmi. Kyautatawa Allah ya ware ta da kansa a Suratul Mumtahana aya ta 8, ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. 'Yar shekara 18 da ta zo daga Kafanchan karatun aikin jinya ba ta yaƙi kowa ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta mushrika da ta zo da buƙata, ya ce ta sada zumunci da ita. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa aya ta 272 a Baƙara, wadda ta ce shiryar da su ba a kanka take ba, ta sauka ne lokacin da wasu sahabbai suka ƙi yi wa danginsu da ba su musulunta ba sadaka. A Suratul Insan kuma an yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, alhali kamammun Madina a wancan zamani mushrikai ne da aka kamo a fagen yaƙi. In ciyar da wanda ya zaro maka takobi jiya abin yabo ne, ina alhaki a ba ɗaliba katifa?

Suna kuma kawo hadisin nan na Abu Dawuda da Tirmizi, cewa kada wani ya ci abincinka sai mai taƙawa. Imam Haɗɗabi ya bayyana cewa abincin gayyata da abota ake nufi, banda abincin buƙata. In aka ɗauke shi a zahirinsa, to Musulmi marar taƙawa ma ya fita, sai ka rufe tukunyar buɗa-bakin da kake ɗorawa a ƙofar gidanka da azumi.

Na ukunsu shi ne taimako a kan saɓo. Wannan ya shafi gina coci ko buga littattafan bautarsu, kuma malamai sun haɗu a kan hana shi. Ɗakin kwana kuwa wurin barci ne da bitar karatu. Shi Halil ɗin da muka fara da shi ya inganta yin hubusi ga kafirin amana kansa, balle gini na kowa da kowa wanda a jami'o'in wannan yanki mafi yawan masu kwana a cikinsa Musulmi ne ko ba ka ce komai ba. Batun kuma a ce lada yana yankewa dare-dare gwargwadon wanda ya kwana, ban san inda aka samo wannan awo ba. Abin da ya tabbata shi ne duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ya ci, ko tsuntsu, ko dabba, an rubuta masa sadaka, kuma hadisin cewa ya yi mutum, bai ƙayyade ba. Mutumin da sadakarsa ta faɗa hannun ɓarawo da mazinaciya da mawadaci ma an ce masa an karɓa. Kai kanka ranar Alhamis a kasuwar Maigatari in ka sa a ajiye randar ruwa, kana tambayar mai sha addininsa? Gaskiya ne sadaka ga Musulmi mai taƙawa ta fi falala, amma falala daban, wajibi daban, kuma wanda ya bar mafifici ba a ce ya yi zunubi.

Akwai wuri ɗaya da damuwarka ke da tushe a mazhabarmu. Malikiyya suna ganin Musulma kada ta yaye jikinta gaban wadda ba Musulma ba, Hanbaliyya kuwa sun ce mace mace ce. Wannan maganinsa a tsarin ɗaki yake: a bar ɗalibai su zaɓi abokan kwanansu, banɗaki kuma ya zama mai ƙofa. Hijabi a tsakar gidan da babu namiji kuwa, ba shi ne zai tsare maka 'ya ba. Abin da zai tsare ta ka nema a rubuta: namiji ba ya shiga, a rufe ƙofa a lokaci sananne, mai kula ta zama mace dattijuwa, a keɓe wurin salla da na alwala. Waɗannan sharuɗɗa ne a kan ɗabi'a, suna hawa kan kowa, kuma jami'a za ta iya sa musu hannu da rana tsaka.

In kuwa zuciyarka ba za ta natsu ba sai Musulmi kaɗai, hanya a buɗe take. Ka sayi fili kusa da ƙofar jami'ar, ka gina, ka yi shi hubusi da shaidu da takarda, ka naɗa mai kula, ka kuma nemi lauya ya duba rubutun. Ko ka riƙa biya wa 'yan matan da ka zaɓa kuɗin makaranta daga aljihunka. Sai dai ka sani gidan waje tsaronsa da ruwansa da gyaransa duk a wuyanka suke. Ni da za ka bi shawarata, a ciki za ka gina, domin abin da ya tayar maka da hankali tun farko 'yan matan da ke haya a gari ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. 'Yan kasuwarmu da yawa suna juya jari ne da gadon da ba a raba ba. In akwai haƙƙin ƙannenka, musamman mata, ko na marayu a cikin kuɗin riɗin nan, ka fitar musu kafin a aza tubali. Kuma ka gaggauta miƙawa tun kana da lafiya. Mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai an karɓa a hannu, in mutum ya rasu kafin haka abin ya koma gado. Mun sha ganin kango a bakin titi da magada suka ce ba su san zancen ba. Ka ware kuma wani abu na rijiyar burtsatse da sola da kwashe masai, don ɗaki 30 ba ruwa azaba za ka gina wa 'ya'yan mutane.

Sa sunan Hajiya a jikin ginin ya halatta, in don a yi mata addu'a ne. Amma ka binciki zuciyarka game da bikin buɗewa da 'yan jarida, kada kuma gobe ka riƙa aiko da takarda a ba 'yar wane ɗaki saboda kai ka gina, wannan ya kusanci gorin da ke ɓata sadaka. Ka kuma waiwayi ƙauyenku. Lokacin da Abu Ɗalha ya kawo gonarsa Bairuha, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (SAW) cewa ya yi ya sanya ta cikin danginsa. In akwai 'yan uwan Hajiya da ke cikin rashi, ko firamaren garinku ba ta da rufi, ka rage ɗakunan su koma 25, ka kai kuɗin biyar ɗin can.

Shi kuma babban ofishin, ka koma ka yi masa godiya, ka ce ka fasa waccan hanya, ka nemi a haɗa ka da magatakardar jami'a domin a rubuta abin da za a iya rubutawa.

Wallahu a'alam.