Ni ɗalibin kwamfuta ne, yaya zan gabatar da kaina ga abokan karatu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shekarar farko a karatun kimiyyar kwamfuta. An raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowa ya gabatar da kansa kafin mu fara aiki tare. Wasu abokaina sun iya yarukan kwamfuta biyu ko uku, ni kuwa Python kaɗai nake taɓawa. Ina son ƙwallon ƙafa da zane, amma ina jin nauyin ambata su, kada a ce ba da gaske nake ba. Kuma shin karatu da abokai yana da amfani, ko gara in duƙufa ni kaɗai?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ka fara kwantar da hankalinka a kan maganar yawan yaruka. Na daɗe ina sauraron ɗalibai suna gabatar da kansu, kuma wanda ya jero sunayen yaruka shida ba ya cika zama a ran kowa. Wanda ake tunawa shi ne mai cewa, "Na rubuta ƙaramar manhaja da ke lissafa maki, tana aiki, amma idan an bar gurbi babu komai sai ta tsaya, har yanzu ban gano dalili ba." Da ya rufe baki za ka ga wani ya matso da kujerarsa. Abin da gabatarwar take nema ke nan: abin da ka gina komai ƙanƙantarsa, da inda ka maƙale. Faɗin inda ka maƙale ya fi nauyi a baki, amma shi ne ke kawo maka abokin aiki.

Game da karatu da abokai kuwa, ina goyon bayansa ƙwarai, kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne. A farkon shekarun 1990, wani malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur, ya lura ɗalibansa suna iya warware lissafi amma ba su fahimci ainihin ma'anarsa ba. Sai ya sauya salo. Yakan jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ya gamsar da na kusa da shi, a sake zaɓe. A zagaye na biyu masu amsa daidai sukan ƙaru. Dalilin a fili yake: wanda ya fahimci abu jiya bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, malami kuwa ya wuce wurin shekaru da dama. A 2013 Xavier Niel da abokansa suka buɗe makarantar 42 a birnin Paris na Faransa, wadda ba ta da malamai masu ba da lacca. Ɗalibai ne ke duba aikin juna, kuma dole mai aikin ya yi bayanin abin da ya rubuta a gaban mai dubawa.

Wannan sharaɗi na bayani shi nake so ka riƙe, don a nan ne rukunoni da yawa ke lalacewa. Gwani ɗaya ya rubuta komai, saura su kwafa, ranar jarrabawa ido ya raina fata. Ku zauna mutum biyu a kwamfuta ɗaya, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana karantawa yana tambaya, ku riƙa musanya wuri bayan kamar minti ashirin. Na taɓa ganin ɗalibai biyu a haka. Mai bugawa ya kusan awa guda yana fama da jerin sunaye goma, manhajar tana ta ƙin fito da na ƙarshe. Abokiyar aikinsa, wadda ta fi shi ƙarancin gogewa, ta sa yatsa a kan allo ta ce, "Karanta min wannan layin da baki." Yana cikin karantawa ya tsaya cak, ya dafe kai. Ya manta cewa a Python ƙirgar jeri daga 0 take farawa, don haka na goma yana lamba 9. Ba ta ba shi amsa ba, tambayarta ce ta sa ya ji kuskurensa da kunnensa. Amma ka fara gwada aikin kai kaɗai kafin ku haɗu, don ka zo da tambaya a hannu.

Sai batun ƙwallo da zane. Don Allah ka ambata su. Yaren da kake koya ɗin nan, Guido van Rossum ya fara shi ne a Disambar 1989 a ƙasar Holan, don ya sami abin yi a lokacin hutu, sunan ma daga wani wasan barkwanci na talabijin a Ingila ya ɗauko shi. Linus Torvalds yana ɗalibi mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki lokacin da ya sanar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a Agustan 1991, kuma da kansa ya kira shi aikin sha'awa kawai. Yau shi ne ginshiƙin wayoyin Android.

Ƙwallonka ma aiki ne a shirye. Rubuta manhajar teburin gasa: maki 3 ga wanda ya ci, 1 idan an yi canjaras, in maki ya zo ɗaya a koma ga bambancin ƙwallaye. Kafin ka gama, ka koyi tsara bayanai da jera su bisa sharaɗi biyu. Zanen kuma zai yi amfani ranar da rukuninku ya zo tsara fuskar manhaja, inda masu iya rubuta manhaja da yawa ke kasawa.

Saboda haka idan layi ya zo kanka, ka faɗi sunanka, ka ce Python kake koya kuma kana gina teburin gasar ƙwallo, jera ƙungiyoyin da makinsu ya zo ɗaya ne ya tsaya maka, kana neman wanda za ku zauna a kai, kai kuma za ka taimaka da zane. Minti ɗaya ya isa.