Tayil ɗin banɗaki: in bi son raina ko in bi idon mai saye?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Muna shirin gyara banɗakin gidanmu, kuma da alama nan da shekara biyar ko shida za mu sayar da gidan mu nemi wanda ya fi shi faɗi. Ni raina ya kwanta da wani koren tayil mai duhu, mai ƙyalli, a bango, sai ƙasa mai zanen fure baƙi da fari. Maigidana ya ce a'a, a yi fari fat daga sama har ƙasa kada mu kori masu saye. Shi kuma mai sa tayil ya ce mu ɗauki manyan nan masu sheƙi, masu santimita 60 da 120, a shimfiɗa iri ɗaya bango da ƙasa, wai su ake yayi. Banɗakin ƙarami ne, bai wuce mita biyu da mita biyu ba, tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama. Wa zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin in ce ga wanda za ki bi, bari in gaya miki abin da na sha gani idan na raka mutane duba gidan da suke son saye. Mutum zai tsaya a bakin banɗaki, da wuya ya yi minti biyu. Abin da ke yawo a ransa ba kyan tayil ba ne. Tambayarsa ɗaya ce: zan iya tarewa a haka, ko sai na fasa? Fentin da bai yi masa ba, kwana ɗaya ya isa a sake shi. Kan famfo da madubi kwance su ake yi. Amma tayil sai an kawo guduma, ƙura ta cika gida, a yi asarar abin hana ruwa da ke ƙarƙashi, wataƙila a taɓa bututu, banɗaki ya yi kwanaki ba a shigarsa. Mai saye yana lissafa wannan duka yana tsaye, ya zare shi daga tayin da zai yi, kuma yawanci abin da yake zarewa ya fi ainihin kuɗin aikin, saboda har da wahalar yake sa wa kuɗi. Shi ya sa nake ce wa mutane da wuya tayil ya ɗaga kuɗin gida, amma yana iya karya shi. Kada ki nemi tayil ɗin da zai burge kowa, babu shi. Nemi wanda ba zai sa kowa tunanin guduma ba.

Da a ce kin ce min shekara ashirin za ku yi a gidan, da amsata ta bambanta, domin kafin lokacin duk abin da kika sa ya tsufa, gara ki more abin da kike so. Shekara biyar zuwa shida kuwa ita ce tsaka mai wuya: tayil ɗin bai lalace ba ballantana a ce dama ya isa canji, amma yayinsa ya isa ya wuce.

Kuma yayi a banɗaki ba ya da alƙawari. A shekarun 1950 ruwan hoda ne ya mamaye banɗakunan Amurka, bango da baho da wurin wanke hannu. A shekarun 1970 wani kore mai kama da cikin fiya ya karɓi fage a Ingila da Amurka, har ya zamo daga baya da an ga launin an san shekarun gidan. A shekarun 2010 ruwan toka ne ko'ina, yanzu shi ma ido ya fara gajiya da shi. Waɗanda suka sa su a lokacin ba su yi kuskure a idon zamaninsu ba, zamani ne riga. A gefe guda kuma ga ƙaramin farin tayil mai inci 3 da 6 da aka lulluɓe tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin New York da shi lokacin da aka buɗe su a 1904. Ya haura shekara ɗari, har gobe ana sa irinsa a sabbin gidaje babu mai cewa ya tsufa. Bai daɗe don ya fi sauran kyau ba. Ya daɗe ne don ba ya jayayya da komai, duk launin da aka kawo kusa da shi sai su zauna lafiya.

To maigidanki yana da rabin gaskiya. Inda ban bi shi ba shi ne "fari fat daga sama har ƙasa". Farin ƙasa ba ya rufa asiri: silin gashi ɗaya, sawun silifa ɗaya, duk sai ya nuna. Layukan da ke tsakanin tayil kuma ba sa daɗewa da fari a ƙasa, kafin shekara ta zagayo sun dafe, sai ki ga banɗakin da ake wankewa kullum yana kama da wanda ba a kula da shi. Ga shi farin da ya yi tsananin haske, in ya haɗu da farin ƙwan fitila, ɗaki yakan yi sanyi kamar na asibiti. Abin da nake ba da shawara a ɗaki irin naki shi ne bango mai haske amma mai ɗan ɗumi, wato fari mai ratsin ruwan madara ko ruwan yashi, sai ƙasa ta fi bango duhu kaɗan, ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka mai ɗan ɗumi. Tsaka-tsakin launi shi ya fi ɓoye datti iri biyu, mai duhu da mai haske.

Na ce iri biyu domin mutane sukan ɗauka tayil mai duhu ya fi ɓoye datti. A banɗaki akasin haka ne. Dattin wurin wanka fari ne: busasshen kumfar sabulu, da farin tabon da ruwa mai yawan ma'adini yake bari idan ya bushe. A kan kore mai duhu mai ƙyalli, kowane ɗigo sai ya bar shaidarsa. Sannan ɗaki mai mita biyu da taga guda ba shi da hasken da zai ba bango huɗu masu duhu su shanye. A hoton talla ya yi kyau ne saboda an haska shi da fitilu, kuma an goge shi minti ɗaya kafin a ɗauka.

Duk da haka ba na so ki yi shekara shida kina wanka a ɗakin da aka tsara don wani baƙon da bai zo ba tukuna. Koren nan naki yana da wuri. Mafi sauƙi, a tsayar da tayil a wajen tsayin kafaɗa a ɓangaren da ruwa ba ya dukansa, a yi wa saman fentin kore mai jure danshi. Ko a sa shi a ƙofar durowar ƙarƙashin wurin wanke hannu, da tawul, da firam ɗin madubi. Ranar sayarwa gwangwanin fenti ɗaya ya mayar da komai. In kuwa sai tayil ɗin ne zai kwantar miki da rai, ba shi wuri ɗaya tak: bangon bayan madubi, ko cikin 'yar tagar ajiye sabulu da ake fafewa a bangon shawa. Mai saye yana iya haƙuri da bango ɗaya, wani ma shi zai sa ya tuna gidan a cikin goman da ya duba. Kuma in za ki iya sassautowa zuwa kore mai laushi, mai ɗan toka-toka, ya fi mai duhun nan daɗewa a ido.

Ƙasa mai zanen fure kuwa, ita nake roƙon ki haƙura da ita. A ƙaramin ɗaki abu ɗaya ya kamata ya yi magana, saura su yi shiru. Koren bango da zanen ƙasa kowanne yana neman a dube shi. Kuma a cikin su biyun ƙasa ce ta fi wuyar canji, domin sai an cire masai, an taɓa magudana, an sake abin hana ruwa. Haka nan wannan ɗamarar tayil mai fure da ake zagaye tsakiyar bango da ita, ki bar ta. Ban san abin da ke tsufar da banɗaki da wuri kamarta ba.

Yanzu mai sa tayil. A nan ba batun kyau nake ba, batun ƙashin mutum nake. Kada ki yarda a sa tayil mai sheƙi a ƙasan banɗaki, ko da kyauta aka ba ki. Ruwa da sabulu a kan sheƙi santsi ne tsagwaronsa, kuma wanda zai sayi gidan yana iya zuwa da tsohuwa ko ƙananan yara, zai kuwa goga ƙafarsa ya ji. Akwai ma'auni a jikin kwali ko takardar bayanin tayil. Na ƙasar Jamus, wanda kamfanoni da yawa ke bi, yana tafiya daga R9 zuwa R13, lamba na hawa riƙo na ƙaruwa. Ga ƙasan banɗaki kada ki sauka ƙasa da R10. Akwai kuma wani na musamman don ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen wuri, mai haruffa A da B da C, kuma B ake nema a wurin shawa. A ma'aunin Amurka lambar da ake nema ga daɓen cikin gida da ke jiƙewa ita ce 0.42 ko sama. In kin rasa duk waɗannan, zuba ruwa a kan samfurin, ɗiga sabulu, ki murza da tafin hannu. Gani ya kori ji.

Girman ma akwai magana. Babban tayil yana da amfaninsa, layuka kaɗan ne, wanki ya yi sauƙi, bango ya yi kamar shimfiɗa ɗaya. Amma mai tsawon santimita 120 a ɗakin mita biyu, guda ɗaya ne cikakke sai yanki, ga asarar gutsattsari. Yana kuma buƙatar bango miƙaƙƙe sosai, in ba haka ba bakin wannan ya ɗara na wancan, yatsa ya ji, inuwa ta nuna. Babbar matsalar tana ƙasa: dole daɓen wurin wanka ya gangara zuwa magudana, kamar santimita 2 a kowace mita. Babban tayil ba ya lanƙwasa. Ko dai a yayyanka shi ta kusurwa, ko gangaren ya ɓaci ruwa ya riƙa kwanciya. Shi ya sa ƙananan tayil, irin masu santimita 5 da ke zuwa a manne da raga, suka fi dacewa da ƙasan shawa: suna bin gangare, yawan layukansu kuma na riƙe ƙafa. In ana son babban tayil a nan sai an sa doguwar magudana a gindin bango, daɓen ya gangara gefe guda. Ni a ɗakinki 30 da 60 zan sa a bango, ƙasa kuma marar sheƙi mai matsakaicin girma.

A ƙasa ki nemi fosilin. Bambancinsa da seramik na yau da kullum shi ne an gasa shi da wuta mafi zafi har ya cure, ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Seramik ya wadatar a bango, ya fi ma sauƙin yanka da hudawa. Dutsen mabul na gaske yana da kyau, amma duk abin wanki mai tsami yana cin fuskarsa ya bar tabo, kuma yawancin magungunan cire farin tabon ruwa masu tsami ne. Mai sayen da ya san haka aiki yake gani, ba ado ba.

Akwai abin da ke yanke hukunci fiye da launi, kuma ba a cika tambayata a kansa ba: cikon layi, wato abin da ake cike tsakanin tayil da tayil da shi, da kuma hannun mai aiki. Tayil mai araha da aka jera daidai, layuka a miƙe, yanka a ɓoye a kusurwa, ya fi mai tsada da aka yi wa aikin gaggawa. Launin cikon ya kusanci na tayil ɗin, domin in ya saɓa sosai duk wata 'yar karkata sai ta fito fili. A ƙasa ki zaɓi toka-toka ko ruwan ƙasa. Faɗin layi milimita 2 zuwa 3 ya isa ga tayil mai daidaitaccen baki, amma kada a manne su ba layi ko kaɗan, gini yana motsi da zafi da sanyi, sai baki ya ɓantare. Cikon ifoksi, wato wanda ake yi da wani irin gam mai ƙarfi, ya fi na siminti tsada da wuyar aiki, sai dai ba ya shan ruwa kuma ba ya saurin kama tabo, ko a wurin shawa kaɗai aka sa shi ya biya kuɗinsa. Inda bango ya haɗu da ƙasa, da kusurwar bango biyu, silikon ake sawa, wato ciko mai laushi kamar roba, domin ciko mai tauri tsagewa yake a nan.

Ki kuma sani tayil da cikonsa ba su ne ke hana ruwa ratsa gini ba. Akwai shafi ko shimfiɗar hana ruwa da ake yi kafin a ɗora tayil, a ƙasa gaba ɗaya da bangon shawa. Ki tsaya a kai a yi shi, a toshe magudana a tara ruwa ya kwana ya wuni, a duba bangon ɗakin da ke maƙwabtaka da silin ɗin ƙasa in bene ne. Danshi a bayan bangon banɗaki yana korar mai saye fiye da kowane launi. Ki ɗauki hoton aikin da wayarki, har da inda bututu suka bi, wata rana shaida ce a hannunki. Kada ki bari a ɗiga gam gutsi-gutsi a kusurwa huɗu da tsakiya a manna, a shafe bayan tayil ɗin sosai. Bayan ya bushe bi shi da ƙwanƙwasa, wanda ya yi ƙarar ganga akwai rami a bayansa, a cire shi tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

Kafin ki biya, karɓo samfuri biyu ko uku ki jingina su a cikin banɗakin, ki gan su da safe, ki gan su da dare a ƙarƙashin fitilar da za ku riƙa kunnawa, domin hasken shago yana canza launi. Ki kira maigida ku duba tare, sau da yawa gardamar a nan take mutuwa. Idan kun tsayar, duba lambar rukuni da ta launi a jikin kwalaye su zama ɗaya, saboda tayil iri ɗaya da aka gasa a lokuta daban yana iya bambanta kaɗan a launi da girma. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan abin da aka auna, 15 in za a jera shi a karkace. Abin da ya rage kada ki mayar. Ajiye kwali guda a rufe da lambarsa, da ragowar cikon layin, domin nan da shekara shida wataƙila kamfanin ya daina yin irinsa, kuma in guda ɗaya ya tsage ana gab da zuwan masu duba gida, daga wannan kwalin za ki ciro madadinsa.