Ƙafafun GPIO sun ƙi amsawa a Raspberry Pi 5: allona ya ƙone ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗalibi ne ni a Jos, ina haɗa na'urar auna ruwan tanki da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 5 da HC-SR04, na'urar auna nisa da sauti. Manhajar da ta yi wa abokina aiki a Pi 4 ta ƙi tashi a nawa, ƙafafun GPIO, waɗanda ake jona na'urori a kansu, ko motsi. Wani mai gyaran waya a unguwarmu ya ce in taɓa ƙafar da wayar bolt 5 don ta farka. Kuɗin allon nan rance na ci. Ya ƙone ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, wannan bai yi kama da ƙuna ba. A Pi 5, da ya fito a 2023, wani guntu daban mai suna RP1 ne ke riƙe da ƙafafun, shi ya sa tsohuwar manhajar sarrafa ƙafafun, RPi.GPIO, ba ta ganin su. Buga umarnin gpiodetect. In ka ga pinctrl-rp1 a layi, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, na ganin ƙafafunka, sai ka koma manhajar gpiozero a madadin RPi.GPIO. Rabu da darussan da ke koyar da tsohuwar hanyar /sys/class/gpio, tun 2016 aka kawo madadinta a Linux 4.8. Ka lura da lamba kuma: GPIO17 ita ce ƙafa ta 11 a jikin allo.

To amma maganar mai gyaran nan ce ta tsaya mini a rai. Don Allah kada ka kuskura! Ƙafa ba barci take yi ba balle a tashe ta. Bolt 3.3 GPIO ke ɗauka, ka ba ta 5 kana iya jawo wa RP1 lahani, shi kuwa a manne yake a allon, ba abin da za a cire maka a bakin titi ba ne. Kullum sai an kawo mini irin wannan, kuma bakinsu ɗaya: ai a allon Arduino Uno haka muke yi. Uno da bolt 5 yake aiki, Pi kuwa ba haka aka gina shi ba. Abin da ke ƙara ruɗar mutane, wani lokaci ƙafar takan jure kwana biyu, sai mutum ya fita yana koya wa wasu, ranar da ta mutu a ɗora wa NEPA laifi. Mutum bai taɓa buɗe takardar bayanin allo ba, amma yana ba ɗan makaranta fatawa a kan kuɗin rance. Wannan ba adalci ba ne.

Ita kanta HC-SR04 ɗinka bolt 5 take fitarwa ta ƙafar Echo. In kai tsaye ka haɗa, kashe wuta ka cire yanzu. Sa resista 1k daga Echo zuwa GPIO, da 2k daga GPIO zuwa GND, wato ƙafar sifilin wuta, wutar ta sauko wajen 3.3. Sannan ka kunna GPIO17 daga gpiozero, ka ɗora mita tsakanin ƙafa ta 11 da ta 6, wadda ita ce GND. In ta nuna 3.3, ƙafar lafiyarta ƙalau.