Amsa: me ya sa suke tayar da Hajiya ta yi tafiya bayan aikin tiyata?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kin ce an yi mata aikin ƙugu a nan Jidda, washegari nas ta zo wai sai ta tashi, amma kuma an hana ta sauka gado ita kaɗai, abin ya ɗaure miki kai.

Wallahi ba mugunta ba ce. Kwanciya mai tsawo ita ce ke cinye tsoho, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi huhu, majina ta taru a ƙirji ta zama nimoniya, ga gyambon kwanciya, ga ƙafafu su mutu har mutum ya kasa miƙewa. Shi ya sa suke gaggawa.

To amma faɗuwa ma hatsari ce babba, musamman ga wadda aka yi wa aikin ƙashi. Don haka sukan duba ko ta taɓa faɗuwa, ko maganin ciwo yana sa ta jiri, ko jininta yana sauka in ta miƙe. Sai su fara zaunar da ita bakin gado tukuna, in ba jiri sai mai fisiyo, wato ma'aikacin da ke koya wa marasa lafiya motsa jiki, ya kawo sandar nan mai ƙafa huɗu.

Roƙona, kar tausayi ya sa ki ce a barta ta huta, kar kuma ki kai ta bayi ke kaɗai da dare, danna ƙararrawa nas ta zo. Ki sa mata takalmi mara santsi, ki tambayi mai fisiyo nauyi nawa aka yarda ta ɗora wa ƙafar.