Baba ya ce karatun motsa jiki wasa ne: me zan faɗa masa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Argungu, bana na gama sakandare. Ina son karanta kimiyyar motsa jiki a jami'a, amma mahaifina ya ce ba zai biya kuɗi in je in koyi buga ƙwallo ba. Me ake koyarwa, kuma wane aiki zan samu?

Amsa: Ɗana, kada ka ga laifin Baba. Abin da ya sani shi ne malamin wasanni da usur a wuya yana kora yara fili. Ka zauna da shi cikin ladabi ka nuna masa cewa wannan karatu na jikin ɗan Adam ne. Za ka koyi sunan kowace tsoka da kowane ƙashi da yadda gaɓoɓi ke juyawa, da abin da zuciya da huhu ke yi idan mutum ya yi gudu, da abinci, da taimakon gaggawa ga wanda ya faɗi a fili.

Ga misali daga garinku. Ɗan kokawa da ya daɗe yana atisaye, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa da asuba, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Kana iya samun kusan 50 a minti ɗaya, alhali yawancin manya suna tsakanin 60 da 100. Zuciyarsa ta yi ƙarfi, bugu ɗaya yana tura jinin da ya fi na wani. Dalilin haka, da ruwan da ya kamata ya sha kafin ya shiga fili a zafin Afrilu, shi ne karatun naku.

A JAMB za ka gan shi da sunan Human Kinetics ko Physical and Health Education, galibi a tsangayar ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen. Shekara huɗu ne, uku ga mai NCE. Ka riƙe Bayoloji da kyau.

Abu ɗaya nake so ka gane tun yanzu, domin na ga ɗalibai da yawa sun yi da-na-sani a aji biyu: wannan digiri ba zai mai da kai ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti ba. Wancan kwas ne daban, yana da nasa lasisi. Idan farar riga da majinyata ke ranka, shi za ka nema.

Batun aiki kuwa, ƙofar da ta fi faɗi ita ce koyarwa, a sakandare ko kwalejin ilimi. Akwai horar da 'yan wasa, kuma takardar Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana ƙara wa mutum daraja a nan. Akwai hukumomin wasanni na jiha, da soja da 'yan sanda. Gaskiya guraben gwamnati ba su da yawa, kada ka kwanta a kansu.

Inda ni nake ganin haske shi ne masu hawan jini da ciwon suga. Likita ya ce wa dattijo ya riƙa motsa jiki, ya dawo gida bai san ta ina zai fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, amma wa zai tsara wa mai ciwon gwiwa yadda zai yi su ba tare da ya ji rauni ba? Wannan gurbin a buɗe yake a Birnin Kebbi da Argungu, kuma iyayenmu mata sun fi kowa buƙata, don haka idan kana da ƙanwa mai sha'awa, ka ƙarfafa mata gwiwa.

Kafin ka cike fom, ka nemi malamin da ya karanci fannin ku je wurin Baba tare. Allah ya yi maka jagora.