Farantin Gilashi Aikin Hannu da Injin Wanke-wanke

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A kayan ɗakin 'yata akwai farantai shida na gilashi masu launi, aikin hannu, irin waɗanda ake narka gilashi a haɗe a tanderu. Gidan da aka kai ta akwai injin wanke kwanuka. Za ta iya zuba su a ciki? Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba su zaman lafiya. Shawararmu ita ce ta riƙa wanke su da hannu, ko da mai sayarwa ya ce injin ba ya yi musu komai.

Yadda ake yin farantin shi ne tushen maganar. Maƙerin kan ɗora falle biyu na gilashi, kowanne mai kaurin milimita 3, ya gasa su a zafin da ya kai kusan digiri 800 na ma'aunin Salshiyas har su zama abu guda. Daga nan sai ya sauko da wutar zuwa wajen digiri 500, ya tsayar da ita a nan awa guda ko fiye, sannan ya bar tanderun ya huce a hankali. Wannan tsayawar ce ke sa ciki da wajen gilashin su daidaita. Idan ya yi gaggawa, ko ya haɗa gilashin da ba jinsi ɗaya ba (masu sana'ar suna da mai lamba 90 da mai lamba 96, lambobin da ke nuna yadda gilashi ke buɗewa in ya ji zafi, kuma ba a gauraya su), farantin zai fito sumul a ido amma a ɗaure yake ta ciki. Ruwan injin yakan kai digiri 60 zuwa 70. Faranti irin wannan, a buɗe injin da asubar hunturu iska mai sanyi ta buge shi, sai a ji ƙas, ya tsage gida biyu.

Ana iya duba wannan a gida. A buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, a riƙe farantin a gabansa, a duba ta tabarau na rana mai tace ƙyalli (wanda ake kira "polarized"), ana juya tabarau ɗin har fuskar ta yi duhu. In aka ga haske yana zagaye bakin wani launi, to akwai ɗauri a wurin. Gwajin yana aiki ne kawai inda haske ke ratsa gilashin.

Ko farantin da aka gasa da kyau ma, sabulun injin yana cin sa. Sabulu ne mai kaifi irin na kanwa, kuma da ruwan zafi yake aiki, don haka yana zaizaye fuskar gilashi kaɗan-kaɗan har ta dusashe. Ruwan zinare da fentin da aka shafa a sama su ne farkon tafiya. Abin takaici ne a ga aikin da mutum ya ɓata kwanaki a kansa ya koma haka.

Wankin hannu: ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, ɗigon sabulun ruwa, soso mai laushi. A shimfiɗa tawul a ƙasan bahon, a wanke ɗaya bayan ɗaya, a goge nan take. Ban da soson ƙarfe, ban da toka da yashi. Wajen jerawa a sa ƙyalle tsakanin faranti da faranti. In kuwa dole sai injin, to a sa a kwandon sama, kada su taɓa juna, a zaɓi wankin gilashi mai digiri 40 zuwa 45, a rage sabulu, a bar injin ya huce kafin a buɗe.

Hajiya, ki ja mata kunne kan abin da ya fi injin haɗari: kwashe tuwo daga tukunya kai tsaye a kan faranti mai sanyi. Tsakiya ta ɗau zafi, baki na nan da sanyinsa, sai tsagewa. A fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi, ko a bar shi ga dabino, cincin da soyayyen nama. Sannan jan gilashi da mai launin ruwan lemo da rawaya galibi da sinadarin kadmiyam ake rina su. In ba a rufe launin da fallen gilashi garai ba, kada a zuba miyar yakuwa ko wani abu mai tsami a kai.

TAMBAYA: Nawa sun riga sun yi fari-fari bayan wankin inji. Akwai magani? Daga wani magidanci a Injamena.

AMSA: Malam, jiƙa ɗaya a ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, na minti 15, ka goge. In ya washe, farar ƙasar da ke cikin ruwanku ce ta kwanta, sai ka riƙa zuba gishirin injin a ma'ajinsa. In bai washe ba, sabulu ya riga ya ci gilashin, wanki ba zai dawo da shi ba. Ka fitar da sauran daga injin tun yau.