Amsa ga Ummi kan fitar da rigar kakanta zuwa wurin baje koli

Assalamu alaikum, Ummi. Saƙonki ya same ni lafiya, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin tambayar da kika yi ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce malamanku na jami'a a Samaru sun kai ku Jos kun zaga gidan adana kayan tarihi, kin ga tukwane da sauran kayan sana'ar hannu a jere, kuma yanzu an nemi kowane ɗalibi ya kawo wani tsohon abu daga gidansu a baje kolinsa na mako biyu. Hankalinki ya kwanta da rigar kakanki mai aska takwas da masakin kakarki, wato babbar ƙwaryarta, amma Gwaggonki ta ce ba a kai kayan mamaci bainar jama'a, shi ya sa kike son jin abin da al'ada ta ce.

Nuna kaya ga jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ranar da aka kawo mahaifiyarki gidan nan, mata sun wuni suna yi mata jere, kwalla kan kwalla, tasa kan tasa, har kusa da rufin ɗaki, kuma an yi kwanaki 'yan ganin ɗaki suna shiga suna fita, kowace tana duba abin da aka zo da shi. Haka nan duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah, aikin dukawa da maƙera da masu ɗinki yake kallo a jikin dawaki da mahayansu. Sai dai a duk waɗannan wurare mai kayan yana nan, an san gidansu, kuma sau da yawa an san hannun da ya yi aikin. Abin da ke damun Gwaggonki, ko da ba ta faɗa da wannan lafazi ba, shi ne a rataye rigar mahaifinta a gaban mutanen da ba su san shi ba, ta zama kamar marainiya, kuma ni ban ga laifinta a kan wannan ba.

Ni ma na shiga gidan da kuka je ina saurayi. Wani Bature mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin gine-ginen gargajiya da ke gefensa, inda aka sake gina kwatankwacin masallacinmu na Juma'a na Zariya da ƙasa da azara. Na tsaya a ƙarƙashin bakan gizonsa na daɗe, ina mamakin yadda sai da na yi tafiya mai nisa kafin na lura da abin da nake sallah a cikinsa tun ina yaro. Wannan masallaci aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa a cikin birni da ke amsa sunan Babban Gwani. Da wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agusta na 2023 aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, na ƙara ganin darajar mutanen da suka ɗauki wahalar auna shi da zana shi tun yana tsaye da ƙafarsa. Saboda haka kada ki ɗauka ina ƙin gidajen adana kaya.

Abin da nake ƙi shi ne 'yar takardar da ake liƙawa a gefen kaya a rubuta "rigar Hausawa" kurum, kamar dai rigar daga sama ta faɗo. Ki dubi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanenta a gidansa kafin Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su, ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane a 1954 a garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, kuma jami'arku ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Gwana ce ta gaske, amma mata nawa ne irinta a ƙauyukan ƙasar Zazzau suka gina randa da tulu har tsufa, kayansu suka shiga gidajen adana, sunayensu suka bi su kabari? Ita an kira sunanta tare da aikinta, su kuwa ba a kira ba.

Rigar kakanki tana da sunaye, kuma kaɗan daga cikinmu ne suka rage da ke iya faɗarsu. An yi ta a ƙarshen zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya rasu a 1959. Idan kika shimfiɗa ta a kan tabarma, za ki ga ba yadi ɗaya ba ne, siraran ƙyallaye ne na saƙi, faɗin kowanne bai wuce yatsu uku ba, aka haɗa su gefe da gefe da allura. Wata tsohuwa ce ta kaɗa zaren, marini ya rina, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa. Sannan aka kai wa malamin da ke zane, ya fitar da askakin nan takwas da tambari da tawada, daga nan mai aikin allura ya zauna a zaure watanni yana cike zanen da zaren tsamiya, kafin a kai wa masu bugu su daka ta a kan gungume har ta yi sheƙi. Ina so ki juya ta ki dubi bayan aikin, domin a nan ake gane gwani: ba za ki ga zare yana reto ba, kuma a ƙasan aljihu akwai wurin da launin tsamiyar ya ɗan sauya, saboda zaren ya ƙare aka jira wani. Kafaɗar dama ta fi ta hagu gogewa, don ita yake yawan naɗewa idan zai yi alwala. Mai kallo ta bayan gilashi ba zai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai an gaya masa.

Masakin kuwa, da na so ki bar shi yadda yake, kada ki wanke shi, kada ki shafa masa mai. Tsaguwar da ke gefensa gyartai ne ya ɗinke ta, kuma ɗinkin nan ya fi zanen da ke jikinsa ba da labari, domin a cikinsa aka dama furar sunan mahaifinki da nawa, kuma da ya fashe kakarki ba ta yarda a jefar da shi ba.

Game da hukuncin da kika tambaya, kayan mamaci gado ne, ba na wanda suke ajiye a ɗakinsa ba. Da aka raba gadon kakanki, mu 'ya'yansa muka yarda a bar rigar ba tare da an yi mata kuɗi ba, don haka har yanzu ta mu duka ce, kuma ni kaɗai ba ni da ikon ba ki ita. Ki bi Gwaggonki da sauran baffanninki ɗaya bayan ɗaya, ki je da ƙafarki, ki durƙusa ki gaishe su, kada ki aika saƙon waya, kuma ki bayyana musu cewa aro ne ba kyauta ba. Aro amana ne, don haka a rubuta takarda da ranar ɗauka da ranar mayarwa da sunan malamin da ya karɓa. Ba don rashin yarda da malamanki nake faɗar haka ba. Shekaru masu yawa da suka wuce wani baƙo ya zo da zancen bincike, ya ari wandon da ke tafiya da rigar nan, mai aiki a ƙafa, a kan zai dawo da shi bayan wata guda, kuma har yau ba mu sake ganin wandon ba. Gwaggonki ce ta miƙa masa da hannunta, kuma ba ta manta ba.

Akwai abin da ba zai fita ba ko da kowa ya yarda. A cikin aljihun rigar akwai laya da aka ɗinke da fata, a cire ta a bar ta gida, domin abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a ajiye shi inda kowa zai juya shi ba tare da tsarki ba. Haka allonsa, haka kuma kayan kakarki da a rayuwarta ba ta bari namiji ya gani ba, irin su jigidarta. Mutuwa ba ta cire mata wannan sutura ba. Sannan kada a sa rigar a jikin gunki mai fuska, a rataye ta a kan sanda hannuwa a buɗe, nesa da hasken rana, domin rana tana cin rinin baba.

Malamanki za su gaya miki cewa da aka kafa babban gidan irin waɗannan kaya a Landan a 1852, wanda daga baya aka sa wa suna Victoria and Albert, manufar ita ce masu sana'a da ɗalibai su zo su gani su gyara aikinsu. Idan haka ne, bai kamata a baje aikin allura a Samaru ba tare da an gayyaci masu allurar ba, alhali suna nan a cikin birni, maza a zaure, mata kuma a cikin gidaje, waɗanda a idonmu suka shiga sana'ar har suka ƙware. Jikan mutumin da ya yi aikin rigar nan yana raye, yana zaune wajen Ƙofar Kuyambana, ganinsa ya yi rauni amma hannunsa yana gane aikin gidansu. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar da littafi da biro, mu fara zuwa wurin Gwaggonki, idan ta amince mu ɗauki rigar mu kai masa ya shafa, ya faɗa miki sunayen da za ki rubuta a takardar da za a liƙa a gefenta. Ki gaishe da mahaifiyarki.

Baffanki.